Ranar da Taubashina Ya Tsallake Surukinsa

Ni mutum ne mai mantuwa, wannan kowa a gidanmu ya shaida. Nakan yi ta neman makullin babur yana cikin aljihuna, a aike ni kasuwa sayen manja in dawo da man gyaɗa. Amma akwai wata safiya a gangaren dutsen da ke bayan Inkil wadda ko tsufa ya kwashe mini komai, ita kam ba za ta fita daga kaina ba. Har yau idan na tuna ta a cikin mutane sai in kama dariya ni kaɗai, a yi ta kallona.

A lokacin ina koyar da wasanni a wata makarantar sakandare a nan Bauchi, kuma gudun dogon zango shi ne abin da na sa a gaba. Duk gasar da aka shirya ina ciki, ko da kuwa kyautar bokitin roba ce. Filin makaranta a shimfiɗe yake, ba ya gina ƙafa, don haka da an sallame sallar asuba sai in hau babur daga gidanmu na Ƙofar Wambai in nufi Inkil. Can bayan gonaki akwai wata tsohuwar hanyar burji da motocin ɗibar dutse suka daina bi, ta miƙe sama kamar an jingina tsani. Daga jikinta ƙananan turbobi sun rarrabu, wasu su bi ta kan duwatsu, wasu su gangara cikin kwazazzabo inda ruwa ya zaizaye ƙasa ya bar rami mai zurfi. Nan nake tirenin ɗina. Mutanen unguwarmu kuwa sun daɗe da yanke mini hukunci: mutum da gemunsa, ba a kore shi ba, ba gobara ba, ya tashi yana gudu, ai sai addu'a.

Shugaban masu wannan hukunci shi ne taubashina, ɗan gwaggona, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Kowa Malam yake ce masa. Yadi yake sayarwa a kasuwar Wunti, kuma shi ke jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Tafiyarsa ma abin kallo ce, hannu a baya, tumbi a gaba, babbar riga tana shara. Ban taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ko ruwan sama ne ya tsinke sai dai ya jiƙe da mutuncinsa. Ni kaɗai ne a duk unguwar nake da izinin taɓa shi, albarkacin wasan taubasai. Ina ce masa bawana, yana ce mini ja'iri. Idan na same shi ya cika ya batse a cikin dattawa sai in tsaya in gaida tumbin nasa daban, in tambaya yaushe ne suna. Ya kawo mini duka da carbi, dattawa su sunkuyar da kai suna dariya.

A shekarar ne Allah ya nufa ya biya kujerar Makka. Ya daɗe yana tari, kuma ba sau ɗaya ba yana kaiwa gaɓa wata hidima ta taso ta cinye. Wannan karon komai ya kammala, har an fara kiransa maniyyaci. Sai aka zo duba lafiya. Likita ya auna shi, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya dube shi. Jini ya hau, suga ya hau, nauyi kuwa ba a magana. Ya ce shi ba zai sa hannu a haka ba. Ya ba shi magani, ya ce ya rage tuwo, ya riƙa motsa jiki har ya yi gumi, ya dawo kafin a rufe tantance maniyyata. In abin ya sauka shi ke nan, in bai sauka ba sai wata shekara.

Bayan la'asar ina wanke babur a ƙofar gida sai ga shi. Ya duba gabas ya duba yamma, sannan ya rage murya.

"Ja'iri, wannan haukan da kake yi a dutse, yana sauke jini?"

Na ce, "Bawana, yau kuma haukan kake sha'awa?"

Bai ɗaga carbi ba. Nan na san magana ta yi nauyi, na ajiye soso na saurare shi. Da ya gama ya kafa mini sharaɗi: kada mahaluƙi ya ji, har mai ɗakinsa, ita gona za a ce mata muna zuwa dubawa. Ya ce gara a ce Malam ya mutu da a ce an ga Malam yana gudu a titi. Na so in yi dariya, amma da na ga idanunsa sai tausayinsa ya kama ni, na ce na ji na yarda.

Haka muka fara. Daga masallaci sai in ɗauke shi a babur da babbar rigarsa, mu wuce kamar masu zuwa ta'aziyya. Idan mun isa gindin dutse ya shiga bayan wani ƙaton dutse ya tuɓe, ya ninke rigar ya cusa a buhu. Gajeren wando kam ya ce ko a mafarki, don haka na ba shi wani tsohon dogon wandona na tirenin, wanda da ƙyar ya haye cinya, ya tsaya masa a ƙwauri. Na sama masa kambas da riga mai lamba a baya. Hula ce kawai muka yi rigima a kanta na sha kashi. Ya ce kai ba hula ai tsiraici ne, don haka da zannarsa yake gudu, a karkace yadda ya saba.

Ranar farko ko kwanar farko ba mu kai ba ya zube a kan dutse yana haki, ya kama hannuna ya fara wasiyya. Wai in gaya wa iyalinsa ya yafe musu. Na ce zan gaya musu, amma ya tashi ya ƙarasa can gaba inda ya fi inuwa, kada gawa ta sha rana. Ya zage ni tas, kuma zagin ne ya tashe shi. Da tafiya muka soma, tafiya ta koma sassarfa, sannu a hankali ƙafa ta fara sabawa.

Babbar matsalarmu ba dutsen ba ce, mutane ne. Da Malam ya hango mai nono ko manomi a kan turba, sai ya taka birki, ya mayar da hannu baya, ya koma tafiyar ƙasaita yana nuna gonaki da baki kamar mai neman filin saye. Kuma ba zai wuce ba sai ya gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi damina, ya tambayi shanu, a cikin wandon nan da ya tsaya a ƙwauri. Kafin a gama gumi ya bushe. Idan ya gaji kuma sai ya ce shi fa kamar yana jin motsin mutum, alhali ko kaza babu.

Ni ma sai na samo dabarata. Wata rana muna tsakiyar hawan burji ya tsaya ya ce yau kam iyakarsa ke nan. Na waiwaya baya na kare ido da hannu, na ce, "Yaya, wancan mai tahowa ba mai goron layinmu ba ne?" Ban rufe baki ba na ga ƙura. Mutumin da ya ce ƙafarsa ta mutu ya haye sauran tudun nan ko waiwaye babu, sai a bayan wata tsamiya na same shi yana leƙe. Daga ranar na gane man da injin Malam ke sha kunya ce. Duk lokacin da ya yi sanyi sai in hango masa wani ɗan unguwa. Na hango masa liman, na hango masa mai unguwa, har abokan cinikinsa na kasuwa na hango masa ɗaya bayan ɗaya. Ya san ƙarya nake, amma bai taɓa yarda ya tsaya ya tabbatar ba.

Kafin damina ta ja baya abin ya fara nunawa. Wandon ya daina kuka, hakin ya ragu, yana iya haye burji har ƙarshe yana zagina ba tare da numfashi ya yanke ba. Mai ɗakinsa har ta fara cewa wannan gona tana cin mutum. Ranar komawa wajen likita ta matso, mu duka muna ganin alamar nasara.

To, a nan ne na ce bari in ƙara masa aji. Da can in mun hau, da tafiya muke saukowa ta burji. Ran nan da muka kai ƙololuwa na nuna masa turbar kwazazzabo, wata 'yar siririya da ta tsinke ƙasa tsakanin duwatsu, daga nan ta ratsa gonaki, shingen ƙaya a dama, rami a hagu. Ni nakan bi ta, amma kafin in kai gidajen mutane nakan karya hagu in tsallaka ƙorama in koma inda na ajiye babur. Na yi masa bayani irin na malaman wasanni. Na ce sirrin gangare kada ka yi faɗa da shi, ka saki jiki, ka yi ƙananan taku, ka bar ƙasa ta ja ka.

Ya ce, "In saki jiki?"

Na ce, "Saki gaba ɗaya, bawana."

Abin da ban lissafa ba shi ne jikin da za a saki. Ni sillan kara ne, in na saki jiki iska ma tana riƙe ni. Malam kuwa ko da ya rage, akwai sauran kaya. Da farko ina gaba yana baya, ina jin takunsa dif dif dif. Can sai na ji takun ya sauya, ya haɗe, sai ga iska ta wuce ni ta gefen dama. Wallahi ban taɓa ganin gudu irin wannan a dutsen nan ba. Hannuwa a sama, riga tana kaɗawa, hula daram a kai, yana salati da ƙarfi yana kiran sunana yana tambaya ina birkin yake. Na ce ya jingina baya, ya ce bayan ma ta tafi.

Masara ta nuna a lokacin, dawa ta yi tsayi ta rufe gaba, ba ka ganin mai tahowa sai kun yi kusa. Muna shan wata kwana sai ga mutum yana hawowa, fartanya a kafaɗa. Mijin babbar 'yar Malam ne. Ma'aikacin ofis ne da ke zaune a Fadaman Mada, yana da gona a wajen da yake zuwa kafin lokacin aiki, mu kuwa ba mu san ta wannan turbar yake bi ba. Bawan Allah ne gajere mai shiru-shiru, irin surukan nan na da. Bai taɓa cin abinci a gaban Malam ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, tun daga bakin layi yake cire takalmi.

Ya ɗaga kai, ya ga hula, ya ga gemu, ya gane fuskar. Wani ne da ya faɗa cikin dawa ya tsira da ransa. Shi kuwa tarbiyya ta riga hankali. Ya yar da fartanya, ya zare takalma, ya tsuguna a tsakiyar turba, ya sunkuyar da kai.

"Barka da asuba, Baba."

"Kauce! Kauce!" in ji Malam.

Jin surukinsa ya ɗaga murya, sai yaron ya ɗauka laifi ya yi, ya ƙara duƙawa har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa. Na runtse ido ɗaya. Dama ƙaya, hagu rami, tsakiya suruki. Sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Malam ya yi bismilla, ya tattara wannan jiki nasa ya tashi sama, ya tsallake mijin 'yarsa cak, ya dira a bayansa da ƙafa biyu, ya ci gaba. Kuma don kada a ce bai amsa gaisuwa ba, ina ji yana tafe yana cewa, "Lafiya lau! Ya iyali? Ya yaran?" har muryar ta yi nisa.

Dariya ta so ta kayar da ni, amma na ga ya wuce inda ake karyawa zuwa ƙorama, ya miƙe sai cikin gari. Na zagaye surukin na bi Malam. Shi ma da ya ɗago ya ga Baba ya yi ƙasa babu birki, ya suri fartanyarsa ya biyo mu ba takalmi don ya kai ɗauki. Bai yi ihu ba, don suruki ba ya ɗaga murya a bayan surukinsa.

Yanzu ku dubi abin da mutanen wajen suka gani. Suna zaune a teburin mai shayi, mata suna layin famfo, kuma a daminar nan an addabe su da satar masara. Sai ga baƙi biyu sun fasa gona a guje da sassafe, ga mai gona da suka sani ya biyo su da fartanya ko takalmi babu. Ai ba su tsaya tambaya ba. Aka ɗauki ihun ɓarayi, samari suka yi kan Malam suka rungume shi, suka tafi tare har jikin wani rumbu kafin su iya tsayar da shi. Ni ma aka shaƙe mini wuyan riga. Wani saurayi yana nuna ni yana cewa, "Dama kullum muna hango wannan siririn yana zagaya gonaki da asuba, ashe leƙe yake musu!" Na ga an fara ɗaukar itace, dariyar ta gudu daga cikina, na ji tsoro na gaske.

Sai ga suruki ya iso yana haki. Aka buɗa masa hanya ana cewa, "Oga, ga su nan mun kama maka su. Me suka karya?" Ya ajiye fartanya, ya matsa gaban ɓarawon da samari biyu suka riƙe, ya sake tsugunawa.

"Sannu, Baba. An sauko lafiya?"

Masu itace suka sauke hannu. Mai unguwar wajen, wani tsoho mai sanda, ya ratso ya tambayi abin da ke faruwa. Suruki ya ce, kansa a ƙasa, wannan mahaifin matarsa ne, malami ne a cikin gari, ba ɓarawo ba ne. Mai unguwa ya ce to me ya koro dattijo kamar wannan daga dutse? Yaron ya saci kallon wandon Malam, ya ga babu yadda za a yi bakinsa ya faɗi gaskiyar. Sai ya ce a hankali, "Kura ce ta biyo su."

Na ce a raina, madalla da ɗan albarka. Ga ƙofa an buɗe wa Malam, don babu dattijon da za a zarga idan ya guje wa kura. Samari suka sake shi suna ba shi haƙuri, ana yi masa barka da arziki. Amma kafin mu motsa wuri ya sake rikicewa. Wani ya ruga ɗauko bindigar farauta, mata suka watse daga famfo suna kiran yara, mai unguwa ya ce yau kada wanda ya hau gona. Wata mata kuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka, wai 'ya'yanta tun ɗazu suka kora awaki can sama.

Na ja hannun Malam na ce mu tafi. Bai motsa ba, matar nan yake kallo. Ya gyara hularsa, ya ja rigar mai lamba ƙasa ta rufe abin da za ta iya rufewa, ya yi gyaran murya irin wadda yake yi kafin ya tayar da salla.

"Baiwar Allah, daina kuka, babu kura. Yaron nan asirina yake so ya rufa, Allah ya yi masa albarka. Gudu nake yi, da gangan, ba abin da ya kore ni. Likita ne ya ce in ban yi ba, ba ni ba Makka bana."

Mai unguwa ya dube shi daga hula har kambas, ya dawo ya tsaya a ƙwauri. Leɓensa ya fara rawa. Shi ya fara dariya, sannan gari ya ɗauka, har matar da ke kuka ta koma dariya da hawayenta. Wata tsohuwa da ta ji yadda aka yi a turba ta dage sai Malam ya koma ya sake tsallake yaron ta baya, in ba haka ba ya gama tsawo ke nan, ga shi dama ba wani tsawon kirki ba. Sun yi wa Malam addu'a sosai, mai unguwa ya ce Allah ya kai shi, ya sa su a ciki idan ya je. Amma na lura Malam dariyar kawai yake ji.

Kafin azahar 'yan acaɓa sun kai labari Ƙofar Wambai. Malam ya shige gida ya rufe ƙofa. Bai fita kasuwa ba, masallaci ma sai ya lallaɓa can wata unguwa inda ba a san shi ba. Na zo da babur da asuba, aka ce mini ya ce ya haƙura, Allah ya kai mu baɗi. Na shiga na roƙe shi, ya juya mini baya. Liman ya zo ya yi masa nasiha, ya ce ya gode. Surukin kuwa kunya ta hana shi ko biyowa ta layin. Ga ranar likita tana ƙara matsowa, ga mutum ya koma kwanciya da baƙin ciki, wanda shi kansa mai tayar da jini ne. Mai ɗakinsa ta tare ni a zaure idonta ya yi ja, ta ce, "Kai ka san yadda ka yi ka fitar da shi, sai ka san yadda za ka yi ka sake fitar da shi. Mutumin nan in bai je bana ba, ban san abin da zai same shi ba." Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa abin da ke mini daɗi.

Da lallashi ya ƙi ci, sai na koma sana'ata. Dattawan layinmu a dakalin ƙofar gidan Malam suke zama bayan la'asar, ƙarƙashin dalbejiya, daidai tagar ɗakinsa. Na je na gaishe su, suka ce yawwa, ga wanda aka yi a gabansa, ba mu labari. Na gyara zama na ɗaga murya yadda za ta shiga taga. Na ce ai abin da ake faɗa na tsallake ƙarya ne, rufin asiri ne kawai. Na ce tuntuɓe ya yi da yaron, ya mirgina kamar buhun gero har gindin famfo, ni na ɗauko shi a kafaɗa yana kuka yana kiran mai ɗakinsa.

Mai goron layinmu, abokin Malam tun suna yara, ya tafa hannu. "Ai dama na faɗa! Wannan tumbin ko kwata ba zai tsallake ba, bare mutum."

Sai muka ji ƙofa garam. Ga Malam a tsaye da jallabiya.

"Ƙarya yake yi, ja'irin banza! Wallahi ko gashin kansa ban taɓa ba. Cak na tsallake shi, da ƙafafuna na dira. Kuma ku tambaye shi, tsakanin ni da shi wa ya riga wani sauka?"

Na ce, "Gangare ne, bawana. Ko tulu aka sako zai riga ni."

"To hawan fa? Burjin nan wa yake ɗaukata a kai, ba ni nake haye shi ba?"

Mai goro ya ce shi fa sai ya gani da idonsa, ko daga nan zuwa bakin titi ne. Malam ya buga ƙafa ya ce, "Gobe bayan asuba ku fito. Daga ƙofar gidan nan zan tashi."

Yana rufe baki na ga ya gane. Ya juyo ya dube ni, ni kuma na mayar da hankali kan ganyen dalbejiya. Amma magana ta riga ta fita a gaban majalisa, kuma dattijo ba ya janye irin wannan.

Washegari ban taɓa ganin layinmu da masu shara da masu asuwaki a ƙofar gida kamar ranar ba. Kowa ya samo abin da zai fito da shi. Malam ya fito da wandon nan, da riga mai lamba, da zannarsa a karkace. Ya tsaya ya gaida kowa ɗaya bayan ɗaya, ya yi bismilla, ya ɗaga ƙafa. An yi dariya, ba zan ɓoye ba. Amma kafin mu kai bakin titi dariyar ta koma "Allah ya taimaka, Malam," har mai goro na ji yana cewa a ba shi hanya. Daga ranar muka daina ɓuya. Muka koma dutsenmu, sai dai turbar kwazazzabo ya ce ko da kuɗi. Surukin ma na je na same shi na roƙe shi, idan ya hango mu, don Allah ya riƙa tsugunawa a gefe.

Ranar likita ni na kai shi, na tsaya a waje ina zagaya babur kamar mai jiran haihuwa. Da ya fito ban iya karanta komai a fuskarsa ba. Ya hau bayana ya ce mu je, ni kuma tsoro ya hana ni tambaya. Muna tafe har muka zo daidai maƙabarta, ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. A nan mahaifiyarsa take kwance, gwaggona. Jinyarta ce ta cinye tarinsa na ƙarshe, kuma har ta rasu tana cewa ita ce ta hana ɗanta zuwa Makka, yana ce mata ta daina faɗa. Ya sauka ya tsaya a jikin katanga, ya yi sallama, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan na ji ya ce a hankali, "Inna, an sa hannu. Zan je."

Da muka kama hanyar gida ya kifa goshinsa a bayana, na ji rigata tana jiƙewa. Tun da na yi wayo, wannan ce rana ɗaya da Malam ya ba ni abin tsokana a hannu na kasa cewa komai, don ni ma da ƙyar nake ganin titi.

Ya je, ya dawo lafiya, ya rayu shekaru masu albarka bayan haka. Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, dariyar mutane da muke tsoro har mu fasa abin da ya fi komai muhimmanci a wurinmu ba ta da tsawon rai, kwana kaɗan take yi ta wuce, kuma yawancin masu yin ta suna ƙaunarka. Na kuma gane wasan da iyayenmu suka bar mana tsakanin taubasai ba don raha kaɗai ba ne. Duk babban mutum yana bukatar wani guda ɗaya da ba ya jin nauyinsa, wanda zai iya taɓa shi ranar da kowa ya tsuguna.